Mudun Da Ke Tsufa A Bakin Aiki

Duk wanda ya taɓa zuwa awo kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti ya san ba kowane mudu ne mudu ba. Akwai wanda aka buge gindinsa da gangan don a cuci mai saye. Wannan aikin macuta ne, ba shi ne zancenmu ba yau. Akwai kuma wanda ba a taɓa shi da mugun nufi ba, yau da gobe ce kurum ta lotsa shi: a jefa shi cikin buhu, a taka shi, ya faɗi ƙasa a ɗauka. Mai shi yana awo da zuciya ɗaya, amma abin da ya ke zuba maka bana bai kai na bara ba, shi bai sani ba, kai ba ka sani ba.

To, ga tambaya. In mudun nan shi kaɗai ne a duniya, ba kuwa dama a ɗauke shi daga kasuwa a kai shi maƙera, don ana awo da shi dare da rana, yaya za a yi a san iyakar abin da ya rage? Yaya kuma za a san yadda zai zama nan da shekara goma? Wannan ita ce matsalar da ke gaban waɗansu masana a Turai, ita na ke so in bayyana wa ɗalibai da malamanmu gwargwadon hali, don akwai abin koyi a ciki ga duk wanda aikinsa awo ne, ko awon hatsi ko awon ilmin yara.

Ramin Da Ke Ƙarƙashin Ƙasashe Biyu

Kusa da birnin Janiba, kan iyakar Siwizalan da Faransa, akwai wata ma'aikatar bincike da a ke kira CERN, wadda ƙasashen Turai suka haɗu suka kafa a 1954. A nan aka haƙa wani rami mai kama da zobe, zurfinsa wajen mita 100 ƙarƙashin ƙasa, kewayensa kilomita 27, watau kusan mil 17. Mai tafiya a ƙafa sai ya yi sa'a biyar ko shida kafin ya komo inda ya tashi. Cikin ramin nan aka shimfiɗa na'urar da a ke kira LHC, aka kunna ta ran 10 ga Satumba, 2008.

Aikinta shi ne ta ɗebi waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, sunansu furoton, ta kora su da gudu har su riƙa kewaye zoben fiye da sau 11,000 a sakan guda. Ayari biyu a ke yi, wannan ya bi dama, wancan ya bi hagu, sa'an nan a sa su yi karo. Ƙungiyoyin furoton suna gamuwa har sau miliyan 40 a sakan guda. Kowane karo sai tartsatsi ya tashi ko'ina, cikin tartsatsin nan kuwa a kan sami abubuwan da ido bai taɓa gani ba.

A wuraren karon an gina manyan na'urori masu kama tartsatsin su auna shi. Wadda za mu fi magana a kanta sunanta CMS, tana ƙarƙashin wani ƙauyen Faransa da a ke kira Cessy. Tsawonta mita 21, kaurinta mita 15, nauyinta tan 14,000. Ita da 'yar'uwarta ATLAS su suka ba da sanarwa ran 4 ga Yuli, 2012, cewa sun gano ƙwayar nan ta Higgs, wadda Peter Higgs da waɗansu masana suka ce lalle tana nan tun 1964.

Mene Ne Kalorimita?

Cikin CMS akwai sassa iri iri, rufi bisa rufi kamar albasa. Sashen da ke auna ƙarfin kowace ƙwayar tartsatsi shi a ke kira kalorimita. Asalin kalmar daga Latin da Girkanci ne, ma'anarta ma'aunin zafi. Wajen 1782 waɗansu Faransawa biyu, Lavoisier da Laplace, suka ƙera wani akwati suka kewaye shi da ƙanƙara. In sun sa abu mai zafi a ciki, sai su auna ruwan da ya narke, su san yawan zafin da abin ya fitar. Dabarar ita ce a tsare ƙarfin duka kada ya tsere, a juya shi ya zama abin da a ke iya aunawa. Na yanzu ma haka ya ke, sai dai maimakon ruwa, haske a ke aunawa.

Kalorimitan CMS na ciki an gina shi da waɗansu sanduna garai-garai kamar gilashi, mu kira su sandunan ƙarau. Daga dalma da wani ƙarfe mai suna tangistan da iskar oksijin a ke haɗa su. Guda 75,848 ne: 61,200 a jere kewaye da wurin karo kamar jikin ganga, 14,648 kuwa a bakin gangar biyu, kamar fatun da aka rufe ta da su. Sandar jikin ganga tsawonta santimita 23, watau inci 9, fuskarta ba ta kai akwatin ashana ba, amma nauyinta ya ɗara kilo guda. A garin Bogoroditsk na Rasha aka yi mafi yawansu, saura a Shanghai ta ƙasar Sin.

In ilektaron ko ƙwayar haske mai ƙarfi, watau foton, ta faɗa cikin sandar nan, ba ta wuce santimita guda sai ta rabu biyu. Biyun nan su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har su zama dubbai, kowace da ɗan ƙarfinta kaɗan. Kamar dukiyar attajiri ce da aka raba wa 'ya'ya, 'ya'ya suka raba wa jikoki. In ka bi jikoki ka tara abin da ke hannun kowa, ka san abin da kakan ya bari. Kowace 'yar ƙwaya cikin dubban nan tana sa ƙarau ya yi ɗan walƙiya. A gindin sanda akwai idon lantarki mai tara walƙiyar ya mai da ita lamba. Haske da yawa, ƙarfi da yawa. Haske kaɗan, ƙarfi kaɗan. Ma'aunin ƙarfin kuwa GeV a ke ce masa.

Yadda Turiri Ke Cin Ƙarau

Tartsatsin nan da a ke aunawa shi ne abin da Turawa ke kira radiyeshan, mu ce masa turiri. Ba ya ganuwa, amma yana ratsa abu ya yi masa lahani. Da gire a ke auna yawan wanda jiki ya sha. Gire 4 ko 5 in sun sami mutum gaba ɗaya, kusan rabin waɗanda abin ya sama ba su tashi in ba magani. Sandunan da ke kusa da bututun furoton kuwa dubban gire su ke sha. Watau abin da mudun ke aunawa, shi ne ke cin mudun.

Ƙarau ba ya fashewa, ba ya kuma daina walƙiya. Dusashewa ya ke yi. Ku tuna da ƙwan fitila: lagwani na ci kamar kullum, amma in hayaƙi ya rufe ƙwan, ɗaki sai ya yi duhu. Cikin kowane ƙarau akwai 'yan gurabe inda zarra ba ta zauna daidai ba. Turiri ya kan fizgo ilektaron ya jefa cikin guraben nan, su maƙale. Gurbin da ya kama ilektaron sai ya riƙa shanye hasken da ya zo wucewa. Masu haƙar duwatsun ado a ƙasar Bauchi da Filato sun san abin nan ko da ba su san dalilinsa ba. Farin dutsen nan garai-garai da a kan tarar ya yi launin hayaƙi, turirin cikin ƙasa ne ya rina shi a hankali. Tofaz fari ma da turiri a ke mai da shi shuɗi kafin a kai shi kanti. Abin da ke ƙara wa dutsen ado kuɗi, shi ke rage wa ƙarau na awo daraja.

Lahanin iri biyu ne, kuma dole a rarrabe su. Na fari shi ne wanda foton da ilektaron ke yi. Wannan yana warkewa da kansa, don ilektaron da suka maƙale suna kuɓucewa kaɗan kaɗan. Kamar tulu ne mai yoyo da a ke ɗura wa ruwa: in ana zubawa da sauri ruwa ya hau sama, in an rage ya sauka, in an daina ya tsiyaye. Saboda haka sanda ta kan dusashe sa'ad da a ke karo, ta ɗan washe in an tsaya, ta ƙara washewa lokacin hutun ƙarshen shekara.

Na biyu shi ne wanda manyan ƙwayoyi ke yi, irin furoton da danginsa. Su kan bugi cibiyar zarrar dalma ko ta tangistan su farfasa ta, gutsattsarin su ture zarra da yawa daga mazauninsu. Wannan ba ya warkewa a zafin da na'urar ke aiki. Tulu ne marar yoyo, abin da ya shiga ya zauna, na bana ya hau kan na bara.

Sandunan kuma ba su dusashewa daidai da juna. Zuwa ƙarshen 2012, na jikin ganga sun rasa har kashi 6 cikin 100 na haskensu. Na bakin ganga waɗansu sun rasa kashi 30, waɗanda suka fi kusa da bututu kuwa har kashi 70.

Abin Da Za A Yi Hasara

Wani zai ce, kashi 6 har wani abu ne? To, ku dubi wannan. Ƙwayar Higgs ba ta daɗewa, nan take ta ke rushewa. Wani lokaci ta kan rushe ta zama foton biyu. In an auna ƙarfin foton biyun nan da kusurwar da ke tsakaninsu, sai a lissafa nauyin uwarsu, a sami GeV 125. Amma akwai dubban foton biyu-biyu da ba su da dangantaka da Higgs. In an jera su duka bisa takarda, na Higgs ɗan tudu ne kurum a kan wani babban gangare.

In kowace sanda ta rage awo da kashi 6, 125 sai ta koma 117 da rabi, an yi ƙarya ke nan. Abin da ya fi wannan muni, tun da ya ke wannan sanda ta rage 2, waccan 6, waccan 30, ga kuma na safe daban da na yamma, sai ɗan tudun nan ya baje ya ɓace cikin gangare, kamar yadda dutsen Warinje kan ɓace wa mutanen Bauchi ran da hazo ya yi kauri. Dutse na nan, ido ne bai kai ba. Da an bar mudu yadda ya ga dama, da aikin mutum dubbai na shekara ashirin ya tashi a banza.

Fitilar Gwaji

Dabarar fari ita ce a sami abin da aka tabbata ba ya sakewa, a riƙa gwada mudu da shi. Sai aka jawo wa kowace sanda wani siririn zaren gilashi mai ɗauke da shuɗin hasken leza. Cikin jerin ayarin furoton an bar wani ɗan gibi, ba ya wuce kashi 3 cikin miliyan na sakan. Cikin gibin nan a ke harba leza, ba tare da an tsai da aiki ba. Cikin minti 40 an gama zaga sanduna duka, a sake komowa. Hasken lezan kansa akwai waɗansu idanun lantarki dabam masu duba shi, don kada ya zama fitilar gwajin ce ta rage ba ƙarau ba. Zafi ma an ɗaure shi a digiri 18, don in ya hau da digiri guda hasken ƙarau ya kan ragu da wajen kashi 2 cikin 100.

Amma fa abin da leza ta rasa ba daidai ya ke da abin da walƙiyar gaske ta rasa ba. A jikin ganga, leza ta kan shiga ta goshin sanda ta miƙe zuwa gindi. Walƙiya kuwa daga tsakiya ta ke tashi ta watsu ko'ina, ta bugi wannan bango ta bugi wancan, hanyarta ta fi tsawo, hasararta ta fi yawa. Da aka gwada aka ga, ga sandunan Rasha da ke jikin ganga, in hasarar kaɗan ce, ta walƙiya ta kan yi kusan ɗaya da rabi na ta leza. Ga na Sin kuwa kusan daidai su ke. Masana suna kiran lambar nan alfa.

Ga misali, masu son lissafi su ɗauki alli. Leza ta nuna 96 maimakon 100, ta rasa 4 ke nan. Huɗu sau ɗaya da rabi, 6. Watau walƙiya ta koma 94 cikin 100. Yanzu foton ta shigo, na'ura ta rubuta GeV 47. Raba 47 da 0.94, ka sami 50. Ƙarfin gaskiya ke nan. Haka a ke yi wa sanda 75,848, kowace da lambarta, lambar kuma tana sakewa kowane minti 40.

Har ila yau ba a yarda da leza ita kaɗai ba. Akwai mudun da Allah ya ajiye wanda ba mai iya lotsa shi. Wata ƙwaya da a ke kira Z nauyinta GeV 91 ne da ɗan ɗori, an auna shi sosai da wata na'ura da ta riga LHC zama cikin ramin nan daga 1989 zuwa 2000. Z ta kan rushe ta zama ilektaron da kishiyarsa. In an gama gyara aka lissafa aka sami 91, gyara ya yi. In an sami 89, da sauran aiki.

Lissafin Kwaikwayo

Leza tana faɗin halin yau. Amma mai gini yana bukatar sanin halin gobe, don sabon sashe ya kan ci shekara goma kafin a gama shi. Nan ne lissafin kwaikwayo ya shigo, watau a gina na'urar duka cikin kwamfuta, a tsufar da ita da gangan, a ga yadda awonta zai zama. Hawa huɗu gare shi.

Hawa na fari, a san turirin da kowane lungu zai sha. Akwai manhajoji masu wannan aiki, kamar FLUKA da Geant4, wadda aka fara fitarwa a 1998. Ana gaya musu siffar kowane ƙarfe da kowace waya, sa'an nan a saki ƙwayoyin ƙarya miliyoyi. Ba wanda ya san inda ƙwaya guda za ta rabu, sai dai an san sau nawa cikin ɗari ta kan yi kaza. Saboda haka kwamfuta ƙuri'a ta ke jefawa a kowane taki. Ƙuri'a guda ba ta faɗin komi, amma miliyan tana fito da gaskiya. Dabarar nan sunanta Monte Carlo, masanan Los Alamos a Amurka suka fito da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Hawa na biyu, a san dusashewar da turirin nan zai jawo. Wannan daga gwaji a ke samunsa: a ɗauki sanduna a kai su inda za a zuba musu turiri da gangan, a auna yadda suka dusashe, da yadda suka warke. Sai a rubuta ƙa'idar tulu mai yoyo da ta tulu marar yoyo da lambobi.

Hawa na uku, a bi walƙiya cikin sandar da ta dusashe, ƙwayar haske ɗaya ɗaya, a ga nawa suka kai gindi. Nan a ke gane wani abu mai muhimmanci: hasken da ya tashi kusa da ido ya fi tsira bisa wanda ya taso daga goshi. Saboda haka foton biyu masu ƙarfi ɗaya, in ɗaya ta fara rabuwa da wuri ɗaya ta nutsa kafin ta fara, awonsu zai bambanta.

Hawa na huɗu, a ƙara tsufan idon lantarkin kansa, don shi ma turiri na sa shi ƙara, kamar rediyon da ke shan iska. Sa'an nan a haɗa duka a tambayi kwamfuta: in an kai shekara kaza, tudun Higgs zai ganu ko ba zai ganu ba?

Inda Lissafi Ya Yi Tuntuɓe

Kada ku zaci lissafin nan ba ya kuskure. Bayan sandunan ƙarau akwai kalorimita na biyu mai tsare manyan ƙwayoyi. An yi shi da faifan tagulla da faifan roba mai walƙiya, ɗaya bisa ɗaya. Tagullar bakin gangar ma, da yawa daga kwanson harsashin igwa na sojan ruwan Rasha aka narko ta, fiye da kwanso miliyan guda.

Ƙa'idar robar nan mai sauƙi ce: kowane awon turiri yana cire kashi iri ɗaya daga abin da ya saura. In na fari ya mai da 100 ta zama 90, na biyu zai mai da ita 81, na uku 73. An gwada a ɗakin bincike, an yi lissafi, an ce za ta daɗe. Amma da aka duba awon 2012 sai aka ga haske ya ragu fiye da yadda aka zata.

Ruwa ba ya tsami banza. Da aka bincika sai aka sami dalili biyu. A ɗakin bincike, don gaggawa, a kan zuba wa roba turirin shekaru cikin 'yan kwanaki. A cikin rami kuwa kaɗan kaɗan ya ke zuwa, iskar oksijin ta sami sukunin ratsa robar ta haɗu da raunin da turiri ya yi. Ashe turiri mai zuwa sannu ya fi ɓarna bisa mai zuwa gaba ɗaya, ko da yawansu ɗaya ne. Duk mai katangar ƙasa ya san wannan: ruwan da aka yi kamar da bakin ƙwarya ya kan gangare ya wuce, yayyafin kwana uku shi ke jiƙa katanga har ciki. Dalili na biyu, wani kashi na hasarar ba laifin roba ba ne, idanun lantarkin ne suka gaji. A farkon 2018 aka sake na bakin ganga da sabon iri na silikon. Aka kuma gyara lissafi, aka sa masa saurin zuwan turiri, ba yawansa kaɗai ba.

Abin Da Gyara Ba Ya Mayarwa

Raba lamba da 0.94 ba wuya. Amma in sanda ta rasa kashi 90, ninka awonta sau 10 ba ya mai da ita sabuwa, don ƙarar idon lantarki ma ta ninku sau 10. Ga kuma dokar ƙirga. In ido ya tara ƙwayar haske 10,000, kuskuren da ƙuri'a ke kawowa wajen 100 ne, kashi 1 cikin 100. In 2,500 ya tara, kuskure 50, kashi 2. In 100 kurum ya samu, kuskure 10, kashi 10 ke nan. Gyara yana daidaita tsakiyar awo, amma ba ya hana shi rawa.

Bisa tsarin da CERN ta fitar a 2024, an shirya tsai da LHC a tsakiyar 2026 don a ƙara mata ƙarfi, ta komo aiki a 2030, ta tara karo wajen ninki 10 na abin da aka gina ta dominsa tun fari. Lissafin kwaikwayo ya nuna sandunan jikin ganga za su jure, in an sake musu kayan lantarki aka kuma sauko da zafinsu daga digiri 18 zuwa 9 don ƙarar ido ta ragu. Na bakin ganga kuwa ba za su kai ba, don a can waɗansu wurare za su sha har gire miliyan 2. Saboda haka tun 2015 aka yanke shawarar a cire su a sa sabon kalorimita na faifan silikon, faɗinsa wajen murabba'in mita 600, mai idanu wajen miliyan 6, wanda zai yi aiki cikin sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Kun ga shawarar da aka yanke shekara 15 kafin ranar bukata, ba bisa komi ba sai bisa lissafi. Rigakafi ya fi magani.

Mu Nan Gida Fa?

Abin nan bai yi mana nisa kamar yadda a ke zato ba. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004. A jami'o'inmu kuma masana sun yi ta auna turirin da ke cikin tarkacen haƙar kuza na ƙasar Jos, wadda a da can ta ke cikin Lardin Bauchi kafin a yanke Lardin Filato a 1926. Sau da yawa da wani ƙarau na sodiyam da aidin su ke awon, shi ma walƙiya ya ke yi ido ya ƙirga. Turirin da ya ke sha kaɗan ne, bai isa ya dusashe shi ba, amma zafi da laima su kan karkatar da awonsa. Don haka kafin a fara aiki sai an gwada shi da abin da aka san ƙarfinsa, kamar siziyam-137 ko kobal-60. ATLAS ma da siziyam ta ke gwada faifan robarta, tana tura shi cikin bututu ya bi ta tsakiyarsu.

Malami na iya nuna wa yara ƙa'idar nan a aji ba da kuɗi mai yawa ba. A rufe tagogi, a kunna tocila, a sa wayar hannu mai auna haske a gabanta, kada a motsa ko ɗaya. A saka farar leda guda a tsakani a rubuta lamba, a ƙara ta biyu, a ƙara ta uku. Yara za su ga kowace leda kusan kashi ɗaya ta ke cirewa daga abin da ya saura. Sa'an nan a tambaye su, in an sa ta shida me za a samu? Su lissafa tukuna, kāna a gwada. In lissafi da gwaji sun saɓa, kada a share, a nemi dalili. Sun yi lissafin kwaikwayo ke nan.

Mu kanmu kuma mudu ne. Malamin da ya zauna da takardun jarrabawa 200, idon da ya duba ta fari ba shi ne ya duba ta ƙarshe ba. Gajiya ta shiga, yunwa ta shiga, ya ga amsa guda sau hamsin ta gundure shi. Bai yi nufin cutar kowa ba, amma yaron da takardarsa ta zo ƙarshe ya sami awon da ba na 'yan'uwansa ba. Maganin shi ne na mutanen CMS. Ka ware takarda uku tun da fari, mai kyau da matsakaiciya da mai rauni, ka rubuta makinsu a wani wuri ka rufe. Bayan kowace takarda 40 ka sake duba su kamar ba ka taɓa gani ba. In makin ya sake, ba yaran ne suka sake ba, kai ne. Ka huta, ka koma baya ka gyara.

Allah ya ba mu ikon cika mudu, a kasuwa da a aji, amin.